Yadda Ake Nazarin Zabura 72:20, Ayar da Ta Ce Addu'o'in Dawuda Sun Ƙare

Wata Laraba da yamma ni ke jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu, a kan Zabura 72. Na yi shiri sosai a kan aya 1 zuwa 19. Aya 20 kuwa, wadda ke cewa addu'o'in Dawuda ɗan Yesse sun ƙare, niyyata in karanta ta kawai in rufe littafi. Ina rufewa sai wata dattijuwa daga zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in addu'o'in Dawuda sun ƙare a nan, wane Dawuda ne kuma ya yi ta Zabura 86?" Na buɗe wurin, sai ga kan zaburar ya ce addu'ar Dawuda ce. Gumi ya keto mini. Na ce, "Mama, a ba ni mako guda."

Abin da na bi a cikin makon nan shi ne na tsara a nan, domin mai jagorar nazari, ko mai bishara, ko duk wanda ya yi tuntuɓe da ayar yana karatunsa a ɗaki. Ka tanadi Littafi Mai Tsarki guda biyu masu fassara dabam, da farar takarda, da fensir, da kamar awa biyu da babu mai kiranka. Ka tabbata ɗaya daga cikin littattafan yana ɗauke da tsofaffin kawunan zabura, wato ƙananan rubutun nan masu cewa "ta Dawuda" ko "ta Asaf". Wasu bugu sukan kai su ƙasan shafi, don haka ka duba can. Kada ka haɗa su da kanun da masu buga littafi suka ƙara na zamani, irin su "Addu'a domin Sarki". Waɗannan na taimakon mai karatu ne kawai.

Mataki na 1: Karanta Zabura 71 da 72 a jere, da murya

Kada ka fara da aya 20. Fara daga Zabura 71, inda wani tsoho ke roƙon Allah kada ya yashe shi a lokacin tsufa, sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare (aya 9), ya bar shi har ya sanar wa tsara mai zuwa ikon Allah (aya 18). Kana gamawa ka zarce cikin 72 ba tare da tsayawa ba. Za ka ji muryar ta juya daga tsohon zuwa ga "sarki" da "ɗan sarki".

Da fensir, ja layi ƙarƙashin duk inda aka ambaci matalauci, ko mai bukata, ko wanda ake zalunta. Za ka same su a aya 2, da 4, sannan 12 zuwa 14 a cike suke da su. Aya 14 har cewa ta yi jininsu yana da daraja a idon sarkin. Ajiye wannan a ranka, za mu bukace shi can gaba.

Mataki na 2: Raba zaburar gida uku

A takardarka rubuta haka: aya 1–17, aya 18–19, aya 20. Abubuwa uku ne mabambanta da suka zauna wuri ɗaya.

Aya 1–17 ita ce addu'ar kanta, domin sarki. Aya 18–19 yabo ne ga Ubangiji Allah na Isra'ila, an rufe shi da "Amin, Amin". Wannan yabon ba na zaburar nan kaɗai ba ne. Buɗe 41:13, da 89:52, da 106:48, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kusan magana ɗaya ce, kowacce da Amin ɗinta. Su ne iyakokin da suka raba zabura guda 150 ɗin zuwa littattafai biyar: 1–41, 42–72, 73–89, 90–106, da 107–150, inda Zabura ta 150 gaba ɗayanta ta zama yabon rufewa. Tsofaffin malaman Yahudawa sukan ce Musa ya ba Isra'ila littattafan Attaura biyar, Dawuda kuma ya ba su littattafan Zabura biyar.

To, aya 20 bayan "Amin, Amin" ta zo. Mai addu'a ya riga ya shafa, sannan wani ya yi magana. Ba a yi wa Allah magana a cikinta, kuma ba ta da zubin waƙa. Mai karatu aka yi wa sanarwa.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar ajami ko rubutacciyar waƙa ya san "tammat" da ake sawa a ƙarshe, wani lokaci har da hamdala da sunan mai waƙar ko mai kwafar. In aka ɗinke waƙoƙi goma a kundi ɗaya, za ka ci karo da "tammat" a tsakiyar kundin, ba kuwa wanda zai ce ƙarya aka yi don akwai sauran shafuka a gaba. Abin da ya ƙare shi ne wannan waƙar, kundin yana nan. Aya 20 irin wannan "tammat" ce.

Littafi Mai Tsarki yana da 'yan'uwanta. Ayuba 31:40 ta ce maganar Ayuba ta ƙare, amma Ayuba ya sake buɗe baki a sura 40 da 42. Irmiya 51:64 ta ce iyakar maganar Irmiya ke nan, sai ga sura 52 a bayanta. Rubuta waɗannan biyu a gefen takarda, don su ne suka fi saurin kwantar wa masu sauraro hankali.

Mataki na 3: Ƙirga da hannunka

Nan ne aikin yake, kuma ina roƙonka kada ka karɓi lissafina ba tare da ka yi naka ba. Ja layi biyu a takarda, gefe ɗaya lambar zabura, ɗaya gefen sunan da ke kanta. Fara daga 42.

Ga abin da za ka tarar. Daga 42 zuwa 49 na 'ya'yan Kora ne, wata zuriyar mawaƙan Haikali, ban da 43 da ba ta da kai. Ta 50 ta Asaf ce, wani shugaban mawaƙa na zamanin Dawuda. Daga 51 zuwa 65 na Dawuda ne. Ta 66 da 67 ba su da sunan kowa. Daga 68 zuwa 70 Dawuda ya dawo. Ta 71 ba kai, ta 72 kuwa sunan Sulemanu ne a kanta. Kana tsallaka aya 20 sai Asaf ya karɓe, daga 73 har 83.

Yanzu ci gaba da farautar sunan Dawuda bayan 72. Zai bayyana a 86, 101, 103, 108, 109, 110, 122, 124, 131, 133, sannan 138 zuwa 145 a jere. Guda 18 ke nan. A nassin Ibrananci zabura 73 ne ke ɗauke da sunan Dawuda: 37 a littafi na farko, 18 a na biyu, sai waɗannan 18 da suka watsu a sauran littattafai ukun. Wato 55 cikin 73 sun zo kafin ayarmu. Kafin ta, Dawuda ne ya cika fili. Bayan ta, a cikin zabura 17 na littafi na uku, sau ɗaya tak sunansa ya hau kai, a 86 ɗin da Mama ta kama ni da ita.

Lissafin nan ya nuna abu biyu a lokaci ɗaya. Ayar ba ta nufin babu sauran zaburar Dawuda. Amma kuma ba a banza take a wurin ba, ruwa ba ya tsami banza: a daidai nan ne babban tarin Dawuda ya tsaya.

Mataki na 4: Nemo ɗinkin da ke jikin littafin

In har aya 20 ƙarshen wani tsohon kundi ce, ya kamata a ga alamar cewa kundaye aka harhaɗa. Ana gani kuwa, kuma gwajin ba ya cin minti goma sha biyar.

Sa yatsa a Zabura 14, ɗayan a 53, ka karanta aya da aya. Waƙa ɗaya ce kusan kalma da kalma. Bambancin da za ka lura da shi yana aya 2: a ta 14 Ubangiji ne (Yahweh) ke dubawa daga sama, a ta 53 kuwa an ce Allah (Elohim). Daga 42 zuwa 83 sunan Elohim ne ya rinjaya, ba kamar sauran littafin ba. Sai ka gwada 40:13–17 da Zabura 70. Sannan ka ɗauki 57:7–11, ka ɗora mata 60:5–12, ka ga Zabura 108 ta fito cif.

Mutum ɗaya da ya zauna rubuta littafi daga farko zuwa ƙarshe ba zai maimaita waƙa ɗaya sau biyu haka ba. Abin da ke jawo haka shi ne a sami littattafan waƙa biyu, kowanne da mutanen da suka saba da shi, a haɗe su ba tare da an cire komai ba. Nassi da kansa bai ɓoye irin wannan aiki ba. Karin Magana 25:1 ta ce mutanen Hezekiya, sarkin Yahuza, su ne suka kwafi wasu karin maganar Sulemanu. A 2 Tarihi 29:30 kuma Hezekiya ya umarci Lawiyawa su yi yabo da kalmomin Dawuda da na Asaf, wato a zamaninsa an san tarin biyu da sunayensu.

Daga ina tarin da aya 20 ta rufe ya fara? Masana sun rabu: wasu sun ce daga 51, wasu daga 42, wasu tun daga 3. Ni na fi karkata ga cewa asalinta ta rufe jerin da ya fara daga 51, domin kiran waƙoƙin 'ya'yan Kora "addu'o'in Dawuda" yana da ɗan nauyi a baki. Amma a yadda littafin yake a hannunmu yau, tana aikin rufe littafi na ɗaya da na biyu tare. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka ƙara sauran zabura daga baya sun ga ayar, sun san sun zuba wasu na Dawuda a bayanta, amma ba su goge ta ba. Amanar abin da suka gada ta fi musu gyaran fuska.

Mataki na 5: Tsaya a kan kalmomin

A Ibrananci ayar gajeruwa ce ƙwarai: *kollu tefillot Dawid ben Yishai*. Ba sai ka iya harshen ba, abubuwa uku kawai za ka riƙe.

*Kollu* ita ce "sun ƙare" ko "an kammala". Tushenta ɗaya da kalmar da ke Farawa 2:1, inda aka ce an gama sama da ƙasa. Ma'anar aiki ne ya kai ƙarshensa, kamar a gama saƙa a cire ta daga masaƙa. Akwai wani malamin Yahudawa na dā, Rabbi Meir, da Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ta ruwaito ya ce kada a karanta *kollu*, a karanta *kol ellu*, wato "duk waɗannan", don ya nuna dukan Zabura na Dawuda ne. Wasa da kalma ne irin na malamai, ba fassara ba, amma ya nuna tambayar Mama ta daɗe tana damun mutane.

*Tefillot* addu'o'i ne, roƙo. Sunan littafin duka a Ibrananci kuwa *Tehillim* ne, yabo. Tsohon tarin ya kira kansa roƙo, kuma in ka karanta 51 zuwa 71 za ka ga dalili: tuba ne, da gudun abokan gāba, da kuka daga cikin ruwa mai zurfi. Tsohuwar fassarar Helenanci ta sa "waƙoƙin yabo" a wurin, shi ya sa wani lokaci za ka ga fassarori sun sha bamban.

Sai *ben Yishai*, ɗan Yesse. A duk littafin Zabura nan ne kaɗai sunan Yesse ya fito. Mu ma mun sani, kiran babban mutum da "ɗan wane" yakan zama girmamawa ko raini, ya danganta da bakin da ya fito. A bakin Saul raini ne (1 Sama'ila 20:30–31, da 22:7). A bakin Nabal ma haka, da ya tambayi wane ne Dawuda, wane ne ɗan Yesse (25:10). Amma buɗe 2 Sama'ila 23:1, inda aka rubuta kalmomin Dawuda na ƙarshe. Da wannan suna ya gabatar da kansa, ɗan Yesse, mutumin da aka ɗaukaka. Zaburar da ta gama zancen sarakunan Tarshish da Sheba suna kawo gaisuwa, sai aka rufe ta da sunan da ake kiran mutumin tun yana kiwon tumakin ubansa a Baitalami. Ko "sarki" ba a ce masa ba.

Mataki na 6: Warware zancen Sulemanu

Wani zai tambaye ka, ko shakka babu: yaya zaburar da ke da sunan Sulemanu za ta zama ƙarshen addu'o'in Dawuda? Amsar tana cikin harafi ɗaya. Ɗan harafin *le* da ke gaban sunan yana iya nufin "ta Sulemanu", yana kuma iya nufin "domin Sulemanu". Fassarar Helenanci da Yahudawan Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu ta ɗauki ta biyun. Zabura biyu ne kacal ke da sunansa, wannan da 127.

In ka ɗauki "domin Sulemanu", sai ka karanta 1 Sarakuna 1. Dawuda ya tsufa har ana lulluɓa masa mayafai ba ya jin ɗumi. Ɗansa Adonija ya naɗa kansa sarki. Aka ɗora Sulemanu a kan alfadarin Dawuda zuwa Gihon, Zadok firist ya zuba masa mai. Da labari ya dawo, sai tsohon ya sunkuya a kan gadonsa ya yabi Allah da ya bar shi ya ga magajinsa da idonsa (aya 47–48). Haɗa da 1 Tarihi 29:19, inda yake roƙa wa ɗan nasa zuciya mai aminci. Yanzu koma ga tsohon nan na Zabura 71 da sarkin 72. Ko wane ne ya jera su haka, ya san abin da yake yi: uba yana sauka, yana yi wa ɗa addu'a, sai a ce addu'o'insa sun kammala.

Kwatanta fassarorinka biyu a nan. Wata za ta ce "zai yi shari'a", wata "bari ya yi shari'a". Ibranancin yana ɗaukar duka biyun a wurare da yawa. Aya 20 ta kira abin addu'a, don haka ni da "bari ya" nake karantawa.

Shin an amsa addu'ar a kan Sulemanu? Rabi da rabi. Zinariyar Sheba ta aya 15 ta zo, sarauniyar Sheba ta kawo talanti 120 (1 Sarakuna 10:10). Amma koma ga layukan da ka ja a mataki na farko. Sulemanu ya sa mutum 30,000 aikin tilas (5:13), kuma yana mutuwa jama'a suka ce wa ɗansa Rehobowam ubansa ya nawwaita musu karkiya (12:4). Da ya ƙi sassautawa, kalmar da suka ɓalle da ita ita ce ba su da gādo a wurin ɗan Yesse (12:16). Dukiyar ta samu, tausayin talaka ne ya yi ƙaranci.

Shi ya sa masu karatu tun dā suka ɗaga ido gaba da Sulemanu. Ishaya 11:1–4 ya yi zancen toho daga kututturen Yesse wanda zai yi wa matalauta shari'ar gaskiya. Zakariya 9:10 ya maimaita aya 8 ta zaburarmu, mulki daga teku zuwa teku. Aya 17 tana amsa alkawarin da aka yi wa Ibrahim a Farawa 12:3. Fassarar Aramaik ta Yahudawa ta kira sarkin aya 1 Sarki Almasihu, ikilisiya kuma tana karanta zaburar a kan Yesu. Sai dai in kana koyarwa ka faɗi gaskiya, Sabon Alkawari bai ɗauko ayar Zabura 72 kai tsaye ba. Ta hanyar Ishaya 11 da Romawa 15:12 za ka ƙulla zaren.

Mataki na 7: Leƙa abin da ke bayan ƙofa

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Karanta 73:2–3, inda Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye suna cin duniyarsu. A 74:7 an ƙone Haikali. A 79:1 Urushalima ta zama kufai, abin da ya faru a hannun Babila wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A 89:39 an jefar da kambin sarki ƙasa, a aya 49 kuma ana tambayar Allah ina ƙaunar da ya rantse wa Dawuda. Sai 90 ta buɗe da addu'ar Musa, mutumin da ya riga sarautar Isra'ila, 93 da 97 da 99 kuma suka ce Ubangiji ne ke mulki. Aya 20 tana tsaye ne a kan iyaka tsakanin kyakkyawan fata ga gidan Dawuda da kukan rushewarsa.

Mataki na 8: Kai shi gaban jama'a

Kada ka zuba musu duk abin da ke takardarka. In minti 45 gare ka, ga yadda na raba nawa. Minti goma na farko mutum biyu suka karanta 71 da 72. Na roƙi mai karanta 72 ya tsaya bayan "Amin, Amin", jama'a su amsa, a yi shiru kaɗan, sannan wani dabam daga bayan ɗaki ya karanta aya 20 da muryar sanarwa. Wannan kaɗai ya yi rabin bayanin, domin kunne ya ji cewa ba mai addu'ar ne ke magana ba. Daga nan na raba su kashi biyu, wasu da Zabura 14, wasu da 53, suka gano maimaicin da kansu. Sai misalin "tammat", sai Ayuba 31:40, sai ɗan Yesse.

Akwai kurakurai biyu da na taɓa ji daga bagade. Na farko, a ce wannan ce zabura ta ƙarshe da Dawuda ya rubuta kafin ya mutu. Ayar ba ta faɗi haka ba, kuma ba a jera Zabura bisa shekarun rubuta su ba: ta 3 tana zancen gudunsa daga ɗansa Absalom yana dattijo, ta 142 kuma tana kogo tun kafin ya hau sarauta. Na biyu, a mai da ayar wa'azin cewa wata rana addu'arka za ta ƙare don Allah ya biya maka komai. Magana ce mai daɗi, amma a nemo mata wata ayar.

Wajen rufewa, ɗauki aya 12–14 ku yi addu'a da su domin masu mulki, kamar yadda 1 Timoti 2:1–2 ta umarta, daga mai unguwa da hakimi har zuwa sama. Ka kula kada ta rikiɗe ta zama kirari ga wani mai kujera, musamman in lokacin zaɓe ya gabato. Roƙo ake yi Allah ya ba su adalcinsa, kamar yadda aya 1 ta fara. Sannan ka ba su aikin gida: kowa ya karanta 73, 74 da 89 kafin Laraba mai zuwa, ya zo da amsar sau nawa ya ga sunan Dawuda a cikin 89, da abin da ake cewa game da shi a kowane wuri.